Yadda Ake Neman Tallafin Gwamnatin Italiya Don Nazarin Italiyanci da Al'adun Ƙasar

Na yi shekaru ina zama da ɗalibai muna haɗa takardun neman tallafin karatu a Italiya, kuma abu ɗaya ne ke kayar da mafi yawansu: sai sun ji an buɗe shafi suke fara shiri. Shafin kuwa makonni kaɗan yake yi a buɗe. Takardu biyun da suka fi nauyi, wato shaidar iya harshe da wasiƙar malamin da zai duba aikinka, ba a samunsu cikin mako uku ko da kuɗinka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kana son tafiya a shekarar karatu mai zuwa, ka ba kanka shekara guda cur ta shiri.

Tallafin da nake magana a kai shi ne wanda Ma'aikatar Harkokin Wajen Italiya, da ake taƙaita sunanta da MAECI, take bayarwa kowace shekara ga ɗaliban ƙasashen waje. Sanarwar tana fitowa a shafinsu mai suna Study in Italy, su kuma suna kiranta bando. Ka riƙe wannan kalma, za ka yi ta cin karo da ita.

Abubuwan da za ka tanada

Fasfo wanda wa'adinsa zai wuce ƙarshen zamanka da aƙalla wata uku. Idan saura masa shekara ɗaya ko ƙasa da haka, ka sabunta shi tun yanzu. Sai shaidar digirinka da cikakken sakamakon kwasa-kwasan da ka yi, wato transkirif, da takardar haihuwa. Sai shaidar iya Italiyanci, da tarihin karatunka da aikinka a shafi ɗaya ko biyu, da daftarin binciken da kake son yi. Ka buɗe adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, wanda kake dubawa kullum. Kana bukatar kwamfuta, domin cike shafin a waya wahala ce, da wurin da za a yi maka sikanin mai kyau, ba hoton takarda a kan tabarma ba.

Na ƙarshe, kuma shi mutane suka fi mantawa: kuɗin hannu. Tallafin ba ya biyan tikitin jirgi, kuma ba ranar da ka sauka ake fara biyanka ba. Ka tanadi abin da zai riƙe ka wata biyu zuwa uku, da kuɗin ajiya na haya.

1. Ka fara da harshen

Ana auna iya harshe a Turai da matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Mai neman kwas ɗin harshe da al'adu ana son ya kai A2. Mai neman digiri na biyu da ake koyarwa da Italiyanci ana son ya kai B2. Shaidun da aka fi yarda da su huɗu ne: CELI ta Jami'ar Baƙi ta Perugia, CILS ta Jami'ar Baƙi ta Siena, PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, sai CERT.IT ta Jami'ar Roma Tre. Ba kullum ake zana waɗannan jarrabawa ba, sau kaɗan ne a shekara, sakamako kuma yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya fito. Wanda yake son takardarsa ta kasance a hannu lokacin da za a buɗe shafi, zaman Nuwamba ko Disamba zai nufa. Wanda ya jira zaman Yuni, shekarar ta wuce shi.

Bahaushe yana da sa'a da wannan harshe fiye da yadda yake zato. Ana karanta shi kusan yadda aka rubuta shi. Yana da namiji da mace kamar namu, kuma yawancin sunaye na mace da “a” suke ƙarewa. Baƙaƙe masu nauyi da ke ba Turawan Ingila wuya, mu a bakinmu suke tun muna yara: wanda ke bambanta “kule” da “kulle” ba zai sha wuya tsakanin nono, na tara, da nonno, kaka namiji, ba. Inda muke tuntuɓe shi ne “p” da “f”, sai “v” da “b”. Patto yarjejeniya ce, fatto kuwa abin da aka aikata. Basta na nufin ya isa, vasta kuwa mai faɗi. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su riƙe 'yar takarda a gaban leɓe suna maimaita pane, pino, porta, har leɓɓan su saba haɗuwa sosai kafin iska ta fita. Minti goma kullum, wata guda ya isa.

Idan babu malamin Italiyanci a garinku, kada wannan ya tsayar da kai. Ka samu littafin nahawu guda ɗaya ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe, ka riƙa sauraron Rai, gidan rediyon gwamnatin Italiya, ta intanet, ka nemi malami ta bidiyo ko da sau ɗaya a mako don ya gyara maka baki. Manhajojin waya suna taimakawa wajen kalmomi, amma ban taɓa ganin wanda suka kai B2 su kaɗai ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci, rabin hanya sun riga sun yi, domin harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne. Su dai su kula kada su riƙa haɗiye ƙarshen kalma irin na Faransanci.

Ka rubuta wa ofishin jakadancin Italiya da ke ƙasarku, Abuja ko Yamai ko Akara, ka tambayi cibiyar jarrabawa mafi kusa da kai. Wani lokaci sai an ƙetara iyaka, don haka ka sa wannan ma a lissafin kuɗi.

2. Ka san irin tallafin da ya dace da kai

Ka nemo bando na bara ka karanta shi baki ɗaya, domin tsarin ba ya canzawa sosai daga shekara zuwa shekara. Abu na farko da za ka duba shi ne jerin ƙasashen da aka ba dama, da irin guraben da aka buɗe wa ƙasarka.

Kwas ɗin harshe da al'adu wata uku ne, kuma an keɓe shi ga waɗanda suke kan koyon Italiyanci a jami'a ko a cibiyar al'adun Italiya. Digiri na biyu, da suke kira laurea magistrale, da digiri na uku, da bincike ƙarƙashin kulawar malami, ana ba su har wata tara. Ba a bayarwa don fara digiri na farko. Iyakar shekaru ita ce 28 ga kwas ɗin harshe da digiri na biyu, 30 ga digiri na uku, 40 ga bincike, kuma da ranar haihuwa suke ƙayyadewa, kwana ɗaya ya isa ya fitar da mutum. A baya, shekaru da dama abin da aka riƙa bayarwa Yuro 900 ne a wata, tare da inshorar lafiya, amma adadin da ke cikin bando na shekararka shi ne abin dogaro. Jami'o'i da yawa suna yafe kuɗin makaranta ga masu wannan tallafi, ban da kwas ɗin harshe, wanda kai za ka biya kuɗin rajistarsa.

A ganina, malamin jami'a ko mai digiri na biyu da ya haura talatin, gurbin bincike ya kamata ya nema kai tsaye. Shi ne ya fi buɗewa ta fuskar shekaru, kuma yana ba ka damar aiki a ɗakunan karatu da gidajen tarihi da ma'ajiyar tsofaffin takardu, ba a aji kaɗai ba.

3. Batun bincike da malamin da zai karɓe ka

A nan ake cin nasara ko a faɗi, don haka bari in daɗe a kai.

Kusan duk ɗalibin da ya zo wurina, abin da ya fara rubutawa shi ne yana son ya nazarci Dante, babban mawaƙin Italiya ɗan birnin Firenze. Dante ya rasu a 1321, kuma tun daga lokacin Italiyawa suke rubutu a kansa. Ba na hana kowa, amma ka tambayi kanka abin da za ka kawo wanda ɗalibin Firenze ba shi da shi. Abin da kake da shi, wanda shi ba shi da shi, Hausa ce, da ajami, da ɗan Larabci idan ka yi allo, da sanin ƙasar nan.

Ga misali. Al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya kammala littafinsa na bayanin Afirka da Italiyanci a Roma a 1526, aka buga shi a Venis a 1550. A ciki ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Yadda aka rubuta sunayen garuruwan nan da bakin Italiyancin wancan zamani, da bambancin da ke tsakanin rubutun hannu da abin da aka buga, aiki ne na harshen Italiyanci tsantsa, amma Bahaushe zai ga abin da wani ba zai gani ba. Haka kuma akwai tarihin magina Italiyawa da suka yi aiki a Najeriya, har da gina madatsar ruwa ta Kainji a shekarun 1960. Ƙauyen Roasio a yankin Piemonte yana da gidan tarihi na mutanensa da suka yi ƙaura, da yawansu zuwa Afirka ta Yamma. Akwai kuma yadda 'yan Afirka ta Yamma mazauna Italiya suke koyon harshen, da kurakuran da harshen uwa ke jawo musu, irin aikin da jami'o'in Siena da Perugia suka ƙware a kai. Akwai fassara tsakanin harsunan biyu, wadda har yanzu fili ne a buɗe.

Ka kuma san da Jami'ar L'Orientale ta Napoli, wadda asalinta ya koma 1732. Ana koyar da Hausa a can. Wanda bincikensa ya haɗa Hausa da Italiyanci, nan ne wurin farko da zai duba.

Daftarin kada ya wuce shafi biyu ko uku. Ka faɗi tambayar da kake son amsawa a jimla ɗaya. Ka faɗi abin da za ka duba da inda yake, da sunan ɗakin karatun ko ma'ajiyar. Ka raba aikin wata-wata. Ka faɗi abin da zai fito a ƙarshe, maƙala ce ko babi a kundin digirinka. Dalilin da ya sa dole sai a Italiya za a yi aikin shi ne abin da masu tantancewa suke nema, ka fito da shi fili.

Daga nan sai neman malami. Ka shiga shafin sashen da ya dace, ka karanta aƙalla maƙala ɗaya ta malamin kafin ka rubuta masa. Wasiƙar ta zama gajera, da Italiyanci ko da mai sauƙi ne. Ka fara da Gentile Professore ko Gentile Professoressa, ka yi amfani da Lei na girmamawa, kada ka kuskura ka ce tu. Ka faɗi ko kai wane ne a layi biyu, ka ambaci aikinsa da ka karanta, ka haɗa daftarinka, sannan ka roƙi abu ɗaya takamaimai: wasiƙar gayyata a kan takardar jami'a, da sa hannu da kwanan wata, mai nuna ya amince ya kula da aikinka tsawon wata kaza. Irin doguwar gaisuwarmu da addu'o'i, masu kyau a gida, a nan suna sa a ajiye wasiƙa ba a kai ƙarshenta ba.

Kada ka tura wasiƙa iri ɗaya ga malamai goma na sashe ɗaya, suna magana da juna. Ka rubuta wa ɗaya, ka jira kwana goma, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka wuce ga na gaba. Janairu da Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. A watan Agusta kuwa, musamman kusa da hutun 15 ga wata, jami'o'i a rufe suke kusan gaba ɗaya.

4. Tabbatar da takardu

Jami'o'in Italiya suna neman ɗaya daga cikin biyu don su gane darajar digirinka: Dichiarazione di Valore, wadda ofishin jakadanci ke bayarwa, ko takardar kwatanta digiri daga cibiyar CIMEA, wadda ake nema ta intanet a biya kuɗi. Ka tambayi jami'ar da za ka je wadda take karɓa kafin ka kashe ko kobo. A Najeriya hanyar ita ce a buga wa takardun hatimi a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan su je ofishin jakadanci, tare da fassara daga mai fassarar da ofishin ya amince da shi idan an bukata.

Kafin duk wannan, ka shimfiɗa takardunka a tebur ka duba sunanka harafi-harafi. Wannan ciwonmu ne. Muhammad a fasfo, Mohammed a digiri, Muhammadu a takardar haihuwa. Wani sunan garinsu ne sunan iyali a wata takarda, a wata kuma sunan mahaifi. Wata ɗalibata ta rasa wata biyu saboda harafi ɗaya da ya bambanta a sunan mahaifinta. Ka ɗauki fasfo a matsayin asali, ka yi takardar rantsuwa a kotu kan duk wani bambanci, tun kafin a tambaye ka.

5. Cike shafin

Ranar da aka buɗe, ka yi rajista ka duba duk guraben da ake cikewa, ka kwafe tambayoyin. Ka rubuta amsoshin a wani wuri daban, ka ba wani ya karanta, sannan ka zuba. Wasiƙar dalilin nema ita ce fuskarka. Kada ka cika ta da yabon kyawun Italiya da abincinta, sun san ƙasarsu. Ka faɗi abin da ka riga ka yi, da abin da za ka yi a can, da inda za ka yi amfani da shi idan ka dawo. Ka rubuta da hannunka. Wasiƙar da aka kwafo daga intanet ana gane ta daga layin farko, ofishin jakadanci kuma yana iya kiranka hira ya tambaye ka abin da ka rubuta.

Kowace takarda ka mayar da ita PDF, ka sa mata suna mai ma'ana. A shekarun baya ranar rufewa takan faɗo a Mayu ko Yuni, kuma sau da yawa da rana ake rufewa, ba tsakar dare ba. A wannan lokaci agogon Italiya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, yana gaban na Gana da awa biyu. Ka tura da saura kwana uku, saboda wuta da intanet ba su da alkawari. Ka tabbata ka danna maɓallin turawa na ƙarshe, domin abin da aka adana kawai ba a tura ba, ba ya cikin lissafi.

Neman tallafi daban, neman gurbin karatu daban. Mai son digiri na biyu dole ya nemi shiga jami'ar da kanta, ya kuma yi rajistar share fage a shafin Universitaly. Na ga wanda ya ci tallafi amma ba shi da jami'ar da zai kai shi.

Ba a biyan kowa don a samu wannan tallafi. Duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, kuɗinka yake so.

6. Idan ba a dace ba

Guraben kaɗan ne, don haka ka nemi wata ƙofa a lokaci guda. Kowane yanki na Italiya yana da hukumar tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi: ADiSU a Umbria inda Perugia take, DSU Toscana a Siena da Pisa da Firenze, ER.GO a Bologna, DiSCo a Roma. Suna ba da kuɗi da ɗaki da abinci bisa ga samun iyali, kuma sanarwarsu takan fito daga Yuli. Za su nemi shaidar abin da iyalinka ke samu, wadda aka fassara aka tabbatar, don a fitar maka da lissafin da suke kira ISEE parificato. Ka haɗa waɗannan takardu tun kana gida. Ka sani dai ba a haɗa tallafin MAECI da wani tallafin gwamnatin Italiya, sai ka zaɓi ɗaya.

Wanda aiki ko iyali ba za su bar shi ya yi tafiya ba, akwai haɗakar jami'o'i mai suna ICoN, mai cibiya a Pisa, da ke koyar da digiri na farko a harshe da al'adun Italiya ta intanet ga mazauna ƙasashen waje, tana kuma ba da tallafin kuɗin makaranta.

7. Biza

Zaman da ya wuce kwana 90 yana bukatar bizar karatu mai tsawo, nau'in D. Ka nemi ranar ganawa da zarar sunanka ya fito, domin layin yakan yi tsawo daga Yuli zuwa Satumba. Ka tafi da takardar tallafin da ta karɓar jami'a da shaidar masauki da ta inshora, kowace da kwafinta. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

8. Kwanaki takwas na farko

Doka ta ba ka kwanakin aiki takwas bayan shigarka ƙasar ka nemi izinin zama, permesso di soggiorno. Ka je gidan waya mai alamar Sportello Amico ka karɓi ambulan mai ratsin rawaya, ka cike da baƙin biro da manyan haruffa. Ka sayi kan sarki na Yuro 16, marca da bollo, a shagon da ke da babban harafin T a ƙofarsa. Duka kuɗin yakan ɗan haura Yuro 100. Kada ka liƙe ambulan, ma'aikacin zai duba abin da ke ciki. Zai ba ka rasit da ranar da za ka je ofishin 'yan sanda, Questura, a ɗauki zanen yatsunka. Wannan rasit shi ne shaidar zamanka har kati ya fito, wanda yakan ɗauki watanni. Ka ɗauki hotonsa, ka sa shi cikin leda, ya zauna tare da fasfo.

Sai lambar haraji, codice fiscale, mai haruffa da lambobi 16, da ake karɓa a ofishin Agenzia delle Entrate. Ba ta, ba haya, ba asusun banki, ba kuma biyan tallafi, tunda ta asusun banki a Italiya ake biya, kashi-kashi. Ka duba ta kafin ka bar gaban ma'aikacin. Lambar Najeriya a ciki Z335 ce, ta Nijar Z334, kuma na taɓa ganin an musanya wa wani ɗalibi su, sai da banki ya ƙi buɗe masa asusu aka gano.

Idan Perugia aka tura ka, babban ginin Jami'ar Baƙi shi ne Palazzo Gallenga, daura da tsohuwar ƙofar gari da ake kira Arco Etrusco. Garin a kan tudu yake, hawa da sauka ne ko'ina, iskar Janairu kuma ta fi hunturun Jos cizo, ka sayi rigar sanyi mai nauyi a can maimakon ka ɗauko daga gida. A kanti ka koyi karanta kalmomi huɗu a jikin kaya: maiale da suino alade ne, prosciutto namansa ne, strutto kuma kitsensa, wanda ake sawa a wasu burodi da kayan gashi. Mahautan halal suna nan a yawancin garuruwan jami'a, galibi kusa da tashar jirgin ƙasa.

A makon farko ka je ka gaida malaminka a lokacin ganawarsa da ɗalibai, ricevimento, da daftarinka a buge a takarda. Ka roƙe shi takardar da ke nuna ka fara aiki, domin da ita ake sakin kashin farko na kuɗin, kuma irinta za a sake nema kafin kowane kashi na gaba.